Wanke shi aka yi, ba afuwa ba

Masu rubuta "an yi wa Andrew Malkinson afuwa", wato mutumin Ingilan nan da aka ɗaure bisa kuskure, don Allah ku gyara. Afuwa ai wanda ya yi laifi ake yi wa. Shi kuwa kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ce ta soke hukuncin fyaɗen da aka yanke masa, a 2023, bayan gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya nuna wani ne daban.

Shekara 17 a gidan yari, Allah Sarki! Abin da ya fi ci min rai, da ya amsa laifin da bai yi ba, da tuni an sake shi. Ya ƙi, zaman ya ƙara tsawo. Ko da ya fito a 2020, sunansa na nan a rajistar masu irin wannan laifi, hukuma na sa masa ido. Wa zai ɗauke ka aiki da wannan tabo?

Wai a lokacin, a Ingila, har akwai ƙa'idar cire kuɗin abinci da makwancin kurkuku daga diyyar wanda aka ɗaure bisa kuskure. Sai da jama'a suka yi ca, sannan aka soke ta.