Tsoro kaɗai bai isa hujjar kisa ba

Abin da ke ɓata mini rai a muhawarar da ake yi kan sassauta dokokin kare kai shi ne yadda masu goyon baya ke nuna kamar doka ta ɗaure wa mai gida hannu ta miƙa shi ga ɓarawo. Ba haka ba ne. Doka ta ba ka damar kare ranka har da kisa. Sharuɗɗa kawai ta gindaya, kuma su ake son a rushe.

Sharaɗin farko, haɗarin ya zama yana kanka a lokacin. Wanda ya zaro wuƙa ya nufo ka barazana ce. Wanda ya ce gobe zai zo maka, wannan aikin 'yan sanda ne. Wanda kuwa ya juya baya yana gudu, haɗarinsa ya wuce, duk abin da ka yi masa bayan nan ramuwar gayya ce, komai zafin zuciyarka. A 1999 Tony Martin, wani manomi a Ingila, ya harbi ɓarayi biyu da suka fasa masa gida da dare, ɗaya ya mutu, yaro ɗan shekara 16, harsashi ya same shi a baya. Kotu ta kama shi da laifin kisan kai. Da aka sassauta hukuncin a 2001, saboda yanayin lafiyar ƙwaƙwalwarsa aka yi, kotun ɗaukaka ƙara ba ta amince kare kai ya yi ba.

Sai gwargwado. Kundin dokokin hukunta laifuka na Arewacin Najeriya, wato Penal Code, ya faɗa ƙarara cewa haƙƙin kare kai bai kai ga yin ɓarnar da ta wuce abin da kariyar ke buƙata ba. Ba a rama mari da harsashi. Wasu kan ce wanda tsoro ya kama ba ya riƙe ma'auni. To, alƙalai sun riga su sanin haka. Tun 1971, a shari'ar Palmer da kotun Privy Council ta Birtaniya ta yanke, aka yarda cewa mutumin da ke cikin tashin hankali ba zai iya auna ƙarfinsa daidai wa daida ba. Sassaucin da suke kuka a kai yana nan tuntuni.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne batun tsoro. A mafi yawan dokoki, cewa “na ji tsoro” bai wadatar ba. Tambayar ita ce: mutum mai hankali, a wannan wuri, da abin da idonsa ya gani, zai ɗauka ransa na cikin haɗari? Idan aka cire wannan tambaya, matsoraci da mai ƙiyayya sun sami lasisi. A Afrilun 2023 a birnin Kansas na Amurka, wani yaro baƙar fata ɗan shekara 16 ya je ɗauko ƙannensa, ya yi ɓatan gida, ya danna ƙararrawar ƙofa. Tsoho ɗan shekara 84 ya harbe shi a ka ta cikin ƙofar gilashi, ya ce tsoro ya ji. Allah ya yi yaron yana da sauran kwana. Me ya yi na barazana ban da tsayuwa a bakin ƙofa?

Jihar Florida ta Amurka ce ta buɗe hanyar sassauta dokokin nan a 2005, ta soke wajibcin ja da baya kafin a kai ga kisa, ko da akwai hanyar tsira. Jihohi da dama suka bi sahu. A 2017 kuma ta ƙara gaba: idan wanda ya yi harbi ya ce kare kai ya yi, masu gabatar da ƙara ne za su ƙaryata shi tun kafin a shiga shari'a. Da wane shaida, alhali wanda zai musanta maganar yana kabari? Bincike da aka yi bayan dokar 2005 ya nuna kisan kai ya ƙaru a jihar da kusan kashi 24 cikin ɗari. Wannan shi ne tsaron da aka yi wa mutane alkawari.

A bar sharuɗɗan nan yadda suke, a koya wa jama'a su tun daga makaranta, a kuma tilasta wa duk mai neman lasisin bindiga ya san su kafin a miƙa masa takarda. 'Yan majalisar da ke son nuna wa talaka ƙauna su fara da gyara aikin 'yan sanda, don mai gida ya kira da tsakar dare a zo.