Ku bar yarinyar nan ta karanta takardun mishan

Wallahi abin da aka yi wa yarinyar nan tun shekaranjiya ya ɓata mini rai, kuma ba zan iya haɗiye shi ba. Ɗaliba ce, tana binciken digirinta na biyu, ta je gidan adana takardun tarihi da ke nan Kaduna ta zauna ta karanta, ta ɗauko hoton shafi ɗaya na wasiƙar wani ɗan mishan ta sa mana mu gani. Iyakar laifinta ke nan. Kafin la'asar an ce an saye ta, an ce coci ke biya mata kuɗin makaranta, har da mai tambaya ko iyayenta sun san abin da take ciki. Da dare ya yi sai ga wasu daga cikin 'yan uwanmu Kirista, su kuma suna cewa tone-tone take yi don ta kunyata waɗanda suka kawo musu bishara. Cikin duk masu hayaniyar nan ban ga ko mutum ɗaya da ya tambaye ta me ke rubuce a shafi na gaba ba.

Jama'a, takardun nan a karanta su. Tarihinmu ne a ciki, ko da kuwa hannun da ya rubuta ba namu ba ne.

Ku masu cewa me ya kai 'yar Musulmi ga wasiƙun mishan, ina da tambaya. Ba ku ne kuke alfahari da cewa Sarkin Kano Alu Babba ya kori 'yan mishan a 1900 ba? To yawancin bayanin yadda aka yi ɗin, wa ya rubuta shi? Su ɗin da aka kora. Bishop Tugwell da Likita Mila da abokan tafiyarsu suka isa Kano, Sarki ya ƙi ba su wurin zama, ya ce su fice masa daga gari, suka juyo suka yada zango a Girku, ɗayansu ma a can ya rasu. Suka zauna suka rubuta wa hedikwatar ƙungiyarsu ta CMS, wato mishan ɗin cocin Angilika, a Landan abin da ya same su, da zafin ran wanda aka wulaƙanta. Labarin da kake tinƙaho da shi a majalisa, daga cikin waɗannan wasiƙun ya biyo ya iso kunnenka. Amma yau yarinya ta je ta duba tushen labarin, ka ce ta bar hanya.

Akwai wanda ya fi wannan. Etsu Nupe Maliki, Sarkin Musulmin Bida, ya rubuta wa Bishop Ajayi Crowther wasiƙa yana kuka da barasar da fataken Turawa ke shigowa da ita ta Kwara, yana roƙonsa ya kai ƙorafin har gaban Sarauniyar Ingila a hana. Ku tsaya ku dubi wannan da kyau. Sarki Musulmi, a ƙarni na 19, ya ga bala'in da giya ke jawo wa talakawansa, ya duba ya ga mutumin da zai iya kai kukansa ƙetare limamin Kirista ne, kuma bai ji ƙyashin neman shi ba. Shi ma Crowther, tsohon bawa ne Bayarabe da aka 'yanta, ya yi shekaru yana hawa da sauka a kogin nan yana zama a fadar sarakunan Nupe, kuma hanyarsa ita ce ya guji gardamar da za ta kai ga zagi. A Ilori a 1872 an yi masa tambayoyi a gaban Sarki game da Annabi Isa, ya buɗe littafinsa ya karanto amsa, aka tashi ba a zub da jini ba. Mu da muke zaune a garin da tun rikicin 2000 kogi ya raba mu, wasu sun tattara Kawo da Tudun Wada, wasu sun koma Sabon Tasha da Narayi, ba mu da buƙatar sanin an taɓa yin irin wannan zaman? Da 'yan mishan ba su adana wasiƙar Maliki sun buga ta ba, wa zai ba mu labarinta yau?

Na san abin da za a ce. Za a ce ai ƙarya suke rubutawa, ai suna zagin addininmu. E, akwai zagi a ciki, zagi mai ƙona rai, ban ɓoye wa kowa ba. Akwai ƙarin gishiri, domin mujallun da suke bugawa a Ingila da Amurka don tara gudummawa suke bugawa, kuma in ka nuna wa tsohuwa a coci cewa mutanen nan cikin duhu suke, ta fi saurin buɗe jakarta. To sai me? Wa ya ce karatu yarda ne? Mu fa jikokin masu ilimin isnadi ne. Malaman hadisi ba su jefar da labari don mai ruwayar yana da aibi sai sun zauna sun auna shi, sun san wane ne shi, wa ya gaya masa, ina ya karkata, wa ya saɓa masa. Aikin da yarinyar nan take koyo ke nan. Ta san abin da ɗan mishan ya buga wa masu ba da gudummawa daban yake da abin da ya rubuta wa sakatarensa a asirce, inda yake amsa cewa shekaru sun wuce bai samu kowa ba, inda yake yaba ilimin wani malami da ya ƙure shi, inda yake ƙorafin Razdan ya hana shi motsi.

Ku ɗauki Likita Mila kansa. Ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Tsakaninsa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ba a ga maciji, ya yi ta kai ƙorafinsa wajen Turawan mulki, kuma ƙarshe an tuɓe Sarkin an kai shi Lakwaja. In Mila kaɗai ka karanta, ka ɗauki ɓangare ɗaya. In ka ƙi karanta shi sam, ba ka san da me aka yi ƙarar Sarkin ba, balle ka kare shi. Mai hankali zai ajiye wasiƙun Mila a nan, fayilolin Razdan na Zariya a nan, waƙoƙin Ɗan Sidi na ajami a nan, ya saurari kowa. Sannan shi wannan Mila ɗin da muke jin haushinsa, shi ne ƙashin bayan fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, kuma wanda duk ke son sanin yadda ake Hausa a Zazzau shekaru ɗari da suka wuce sai ya bi ta kansa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da malaman Hausa ke rantsuwa da shi har gobe, mai shi da aikin mishan ya fara shigowa ƙasar nan. Za mu ƙona shi ne?

Wanda bai taɓa riƙe irin fayil ɗin nan ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Bango ne mai ruwan ƙasa, an ɗaure da zare, a goshinsa an rubuta ZARPROF (takardun Lardin Zariya) ko SNP (na sakatariyar Lardunan Arewa) da lamba. Ka kwance zaren a hankali don takardar ta bushe, gefenta na karyewa in ka yi gaggawa, allurar da aka maƙala ta da ita ta yi tsatsa ta bar tabo. A ciki ga wasiƙar ɗan mishan yana neman izinin buɗe makaranta a wani ƙauye, ga Di'o ya yi sharhi da alƙalami a gefe, ga Razdan ya rubuta nasa a ƙasa, wani lokaci sai ka ci karo da takardar Sarki da Larabci ko ajami, da hatiminsa, an liƙa fassararta a baya. Mutum huɗu suna jayayya a kan ƙauye ɗaya, kowa da abin da yake tsoro. Shafi ɗaya daga ciki ba ya gaya maka komai. Shi ya sa masu yanko layi biyu suna yawo da shi a WhatsApp don tayar da husuma su ne abin faɗa wa, ba mai zama ta karanta fayil daga bango zuwa bango ba.

'Yan uwana Kirista, ku ma da ku nake, kuma da girmamawa nake faɗa. Me kuke tsoro a ciki? Takardun nan ne ke nuna cewa Walter Gowans, ɗaya daga cikin samari uku da suka fara aikin ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) a 1893, a Girku ya mutu a 1894, abokinsa Thomas Kent kuma a Bida, na ukunsu Rowland Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Su ne ke nuna cewa gwamnatin Gwamna Lugga ba kullum take tare da mishan ba, domin bayan alkawarin da ya yi a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addini ba, shekaru aka yi ana hana su shiga ƙasashen sarakuna, suna ta rubuce-rubucen ƙorafi. Mafi muhimmanci, a cikin littattafan da ake rubuta ayyukan yau da kullum na tasha ne za ku tarar da sunayen kakanninku na Kwoi da Kagoro da sauran garuruwa, waɗanda suka taka da ƙafa suka yi wa'azin, suka koya wa Baturen yaren, suka gyara masa fassara, sannan aka buga hoton Baturen shi kaɗai a mujalla. In ba a tona ba, sunayensu sun tafi ke nan. Idan kuma aka tarar Baturen ya rubuta maganar raini a kan al'adun mutanenku, ai gara ku sani.

Akwai ma labaran da ba su shiga aljihun kowane ɓangare. Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19, daga karatun Alƙur'ani suka kai ga fifita Annabi Isa, tun ba su taɓa ganin ɗan mishan ba. Jikokinsu ne suka zo wajen Mila, aka kafa musu zama a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna. Daga wannan zuriyar Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Haka asibitocin kutare na Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa: da yardar hukumomin gargajiya na Kano da Katsina da Sakkwato 'yan mishan suka karɓi aikin a shekarun 1930, sarakuna na son a yi wa talakawansu magani, mishan na son ƙofar shiga, kowa ya san abin da ɗan uwansa ke nema. Wanda yake son tarihi mai fari da baƙi kawai ba zai ji daɗin wannan ba, amma haka aka yi.

Kuma ku masu kallon faifan Ahmad Deedat tun kuna yara, kun san daga ina ya samo makaminsa? Daga Izharul Haƙƙi na Shaihu Rahmatullah Kairanawi, wanda ya yi muƙabala da ɗan mishan Bajamushe Karl Pfander a garin Agra na Indiya a 1854. Me ya ba Shaihun ƙarfi a ranar? Ya karanta littattafansu, har da abin da malaman Turai suka rubuta na suka a kan nassoshinsu. Da a ce mutanen Agra sun taso masa da irin abin da kuka yi wa yarinyar nan, da babu Izharul Haƙƙi, da babu Deedat ɗin da kuka sani. Su ma 'yan mishan da suka taru a Alkahira a 1906 da Edinbara a 1910, zama suka yi suna nazarin Musulunci da addinin Hindu da na Buda, suna karanta rahotannin da aka aiko daga ko'ina. Sun karance mu tsaf. Mu ne muke ganin karanta su zunubi ne.

Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne inda takardun suke. Na CMS suna Jami'ar Birmingham a Ingila. Na SUM (Sudan United Mission), ƙungiyar mishan da Karl Kumm ya kawo Wase a 1904, suna Edinbara. Na SIM suna Amurka. An ɗauki hoton wasunsu an sa a intanet, amma sai jami'a ta biya kuɗi masu nauyi kafin ɗalibinta ya leƙa. Abin da ke hannunmu a Kaduna, a gidan adana takardu na ƙasa da Gidan Arewa da ke kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, masu bincike daga ƙasashen waje jirgi suke hawa su zo su karanta, su koma su rubuta littafi a kanmu, mu saya da dala. Yarinyar da Keke Napep kaɗai ta hau ta je, ita muka zage. Da masu kuɗinmu da manyan malamanmu da shugabannin coci za su haɗa kai a kwafo na ƙetare a ajiye a nan, da sun yi abin da za a daɗe ana yi musu addu'a.

Ƙanwata, in kina ganin wannan, kada ki goge komai. Ki koma ki gama fayil ɗin, ki kawo mana sauran.

Af, tunda ana maganar, akwai wanda nake so ki nemo mana in Allah ya ba ki iko: Dorugu. Yaro ne Bahaushe daga yankin Damagaram da aka kama bauta, aka 'yanta shi, ya bi Bajamushe mai yawon bincike Heinrich Barth har Landan a 1855. A can ɗan mishan Schön ya zaunar da shi yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa, aka buga su cikin Magana Hausa a 1885. Ya dawo gida, ya rasu a Kano a 1912 yana aiki a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa. Bahaushe ne da ya ga Ingila da idonsa ya kwatanta ta da bakinsa kusan shekara hamsin kafin Turawa su ci Kano, ya faɗi yadda suke cin abinci da yadda suke zama. Ni dai ina so in ga labarinsa a littafin Hausa na 'yan firamare, kuma duk malamin makarantar da ke cikinku da yake son mu yi magana a kan yadda za a sauƙaƙa shi don yara, ya yi mini magana ta akwati.