Ba ruwan sama ne ya hana Somerset kofin kurket na 2019 ba

Har yau magoya bayan Somerset na cewa ruwan sama ne ya ƙwace musu kofin gasar kurket ta gundumomin Ingila a 2019. Ina ganin wannan rabin gaskiya ce.

Ƙungiyoyi takwas ne a rukuni na ɗaya, kowacce ta buga wasa 14, kowane wasa kwana huɗu. Nasara maki 16 ce, canjaras maki 5. Akwai kuma makin ƙari da ake tarawa a zubin farko kaɗai (zubi shi ne lokacin da ƙungiya ke dukan ƙwallo, kowacce tana da biyu a wasa), cikin ova 110 na farko (ova ɗaya jifa shida ne): har maki biyar na dukan ƙwallo, daga gudu 200 zuwa 400 (gudu shi ne abin da masu duka ke tarawa a wasa), da maki uku na jifa, idan an fitar da mutum uku, shida, sannan tara. Wanda ya fahimci wannan lissafi ya san ba a cin kofin a mako guda.

Essex ta je Taunton, gidan Somerset, wasan ƙarshe ran 23 ga Satumba da ratar maki 12, canjaras ya ishe ta. Somerset, wadda ba ta taɓa ɗaukar kofin ba a tarihinta, nasara kawai za ta fisshe ta. Hasashen yanayi ya nuna ruwa, sai aka shirya dandamalin jifa busasshe mai marmashi, irin wanda ƙwallo ke juyawa a kansa tun ranar farko, don wasan ya ƙare da wuri. Dabarar ta kusa aiki. Somerset ta yi gudu 203, masu jifanta Jack Leach da Roelof van der Merwe suka murza ƙwallo suka kwashe Essex a 141, duk da 53 da Alastair Cook ya yi. Somerset ta yafe zubinta na biyu gaba ɗaya, ta bar wa Essex gudu 63, amma lokaci ya ƙare Essex tana da 45, mutum ɗaya kawai ta rasa. An tashi canjaras, aka ƙare gasar Essex na da maki 228, Somerset 217.

To amma ina aka samo ratar tun farko? Mako guda kafin nan, a Southampton, Kyle Abbott na Hampshire shi kaɗai ya fitar da 'yan Somerset 17 a zubi biyu a kan gudu 86. A nan kofin ya suɓuce. Somerset ta sha kashi sau uku a kakar, har da wanda Essex ta yi mata a Chelmsford, Essex kuwa sau ɗaya. Masu dukan ƙwallo na Somerset ba sa jure ƙwallo mai karkata a iska, kuma ƙungiyar da ba ta iya zama a fili ta kashe yini ba ta samun canjaras ɗin da ke ceto maki biyar. Essex tana da Simon Harmer, wanda ya fitar da mutum 71 a kakar.

Daga baya hukumar kurket ta Ingila da Wales ta yanke cewa dandamalin Taunton ba shi da kyau saboda ƙwallo ba ta tashi daidai, ta zaftare wa Somerset maki 24, aka jingine 12. Hukuncin yana kan ƙa'ida, domin dandamalin da ƙwallo ɗaya ke bin ƙasa wata ta tashi zuwa ƙirji yana iya raunata mai duka. Sai dai hukumar ma tana da nata kason. Ita ta tsara gasar ta fara farkon Afrilu ta ƙare ƙarshen Satumba, aka bar ƙarshen Yuli da mafi yawan Agusta ga gajerun wasanni. A Afrilu ciyawa ɗanya ce, masu jifa da sauri ke cin kasuwa. A ƙarshen Satumba rana gajera ce, ga damshi ga ruwa. Idan ka sa wasan yanke hukunci a makon da da wuya a samu cikakkun kwana huɗu, ka tura mai gyaran fili ya nemi sakamako a kwana biyu, sannan ka dawo ka ci tararsa.