Sabuwar nas, a bar hannu ya nuna kafin a sauya asibiti

Ranar Talata da asuba 'yar ƙanwata ta kira ni, fitowarta ke nan daga aikin dare, murya duk ta dishe. Wata bakwai ke nan tana aikin nas a wani asibitin kuɗi a Jidda, bayan ta ci jarrabawar neman lasisi ta Prometric, hukumar SCFHS mai tantance ma'aikatan lafiya a Saudiyya ta ba ta lasisi. "Anti, wani asibiti a Riyad ya ce zai ƙara mini albashi. In tafi?" Na ce ta je ta yi barci tukuna, yunwa da gajiya ba sa ba da shawara mai kyau.

Ra'ayina bai canza ba bayan ta farka: ta zauna ta cika kwantiraginta na farko.

Takardar lasisi ba ta koya wa kowa neman jijiya a hannun tsohuwar da ruwa ya ƙare a jikinta. Ba ta koyar da yadda za ka gane majiyyaci na shirin rikicewa tun kafin na'ura ta yi ƙara, ko yadda za ka saurari mai ciwo yana kuka da Larabcin Hijaz, wato na yankin su Jidda, sannan ka rubuta rahoto da Turanci. Wannan a gefen gado ake samunsa, a hannun babbar nas da ta riga ta san inda kake tuntuɓe. A sashen yarinyar nan akwai wata 'yar Filifin mai faɗa kamar me, amma ita ce ke tsayawa a kanta tana duba lissafin maganin yara. Idan ta koma Riyad, sai ta sake zama baƙuwa, ta sake shiga watannin gwaji, kuma babu tabbacin za ta dace da mai irin wannan haƙurin.

Akwai kuma lissafin aljihu, wanda sababbi ke mantawa. Gaskiya ne tun watan Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta tsarin kafili: ma'aikacin kamfani mai zaman kansa zai iya komawa wani wurin ta Qiwa, manhajar ma'aikatar ƙwadago, bayan shekara guda, ba sai kafili ya yarda ba. Amma dokar ƙwadago ta ce wanda ya ajiye aiki da kansa kafin ya cika shekara biyu ba shi da kuɗin sallama, daga biyu zuwa biyar kuwa kashi ɗaya cikin uku zai samu. Ƙarin riyal ɗin da ake ɗaga mata a waya, a fara cire wannan, a cire hayar gida idan sabon wurin bai ba da masauki ba.

Ban ce a zauna ko ana cutuwa ba. Wanda aka hana albashi wata uku a jere, doka ta ba shi damar tashi tun kafin shekara. Ni ma sai in ce a tashi idan an riƙe fasfo, ko ana jibga wa nas ɗaya majiyyatan da suka fi ƙarfinta. Kuskure idan ya faru, lasisinta ne a gaba, ba na mai asibiti ba.

Na tambaye ta ko ɗaya daga cikin waɗannan ya same ta. Ta yi shiru, ta ce a'a, aikin dare ne ya yi mata yawa. Na ce ta nemi shugabar sashe su gyara jadawali, na Riyad kuma ta tambaye su majiyyaci nawa nas ɗaya ke riƙewa da dare. Har yanzu ba su amsa mata ba.