Bukkar kara ma aji ce

Da zarar an gama girbin dawa, kara ya taru a bayan gari, yara ba sa jiran a gaya musu abin yi. Za ka ga su biyar ko shida sun ja kara zuwa gindin bishiya, wannan ya samo gwafa, wancan ya ɓaro ɓawon kalgo ya mayar da shi igiya. Kafin la'asar bukka ta tashi, mai cin mutum uku idan sun matsu. Manya su wuce suna cewa yaran nan ba su da aikin yi. A ganina, abin da suka koya a yinin nan, makarantun nazare da yawa masu tsadar kuɗi ba sa koyar da shi a zango guda.

Bukkar farko ba ta tsayawa, kuma amfaninta ke nan. Ɗan shekara biyar ya kafa kara a miƙe, ya zube. Ya sake, ya zube. A karo na uku ya buɗe ƙafafun daga ƙasa ya haɗe kawunan a sama, sai ga ta tsaye. Ba wanda ya ambata masa nauyi ko kusurwa, amma hannunsa ya riga bakinsa sani. Ya gane karan dawa ya fi na gero ƙwari, don haka shi ne ginshiƙi. Ya gane ɗanyen ɓawo yana ɗauruwa, busasshe kuwa tsinkewa yake. Idan iskar hunturu ta cika masa ɗaki da ƙura, gobe da kansa zai juya ƙofar. Awo ma yana yi, da taku da kamu, tun kafin ya riƙe rula. Bulon roba da ake sayowa a kanti girmansu a ƙayyade yake, an gama wa yaro tunanin tun daga masana'anta. Kara kuwa kowanne da tsawonsa da karkatarsa, dole ya zaɓa.

Sai rigima, wadda ita ma darasi ce. Wa zai riƙe, wa zai ɗaure, wa zai fara shiga, kuma ƙanwar wane da ta zo daga baya tana da rabo ko ba ta da shi? Mai son mulki ya yi yawa, sauran su watse su bar shi da kara a hannu. Nan take ya koyi lallashi.

Turawa sun mayar da wannan tsarin karatu. A 1943 aka buɗe wani fili a Emdrup, cikin birnin Kofanhegan na Denmark, bisa shawarar Carl Theodor Sørensen, wani mai tsara lambuna da filaye, inda aka zuba wa yara katako da tarkace aka ce su gina abin da suka ga dama. Jamus ta amince da nazaren daji ta farko, wato wadda yara ke yini suna wasa da koyo a daji maimakon aji, a hukumance a Flensburg a 1993, shekarar da malamai daga kwalejin Bridgwater ta Ingila suka je Denmark suka kwaso dabarar. Yau a can iyaye na neman wa 'ya'yansu gurbi don su je su kwaɓa laka su jingina rassa. Mu kuma da muka gaji abin kyauta, mun shimfiɗe harabar makaranta da intalok, mun zaunar da ɗan shekara uku a benci yana rera ABCD, har da aikin gida a jaka.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma ba wasa ba ne. Tarin kara maɓoyar kunama ce da maciji. Kara na yanka. A garuruwa da dama ma rashin tsaro ya sa ba mai barin ɗansa ya yi nisa da gida, a birni kuwa filayen wasan an yanka su fuloti. Amma duk wannan hujja ce ta kawo karan kusa, inda idon babba yake, ba ta hana shi gaba ɗaya ba. Ƙwarzane a yatsa ba ya kai yaro asibiti.

Mai makaranta da ke iya sayen lilon ƙarfe ba zai kasa sayen dami goma na kara ba, ko da yake masu kiwo sun sa ya yi kuɗi. A ware kusurwa ɗaya da ba siminti, a zuba kara da kaba da tsohuwar zana da ɗan tudun laka. Malama ta kakkaɓe su kowace safiya saboda ƙwari. Abu mafi wuya a gare ta shi ne ta ga bukka na shirin faɗuwa ta kama hannunta, kada ta gyara. Iyaye kuma a gaya musu tun ranar biyan kuɗi cewa ran Alhamis yaro zai dawo da laka a yunifom, su tanadi sabulu.