Wai ina ake biyan kuɗin lasisin ne?

To shikenan masu dandalin sun rufe guruf ɗinmu na sauraron tsofaffin waƙoƙi a intanet, wai saboda haƙƙin mallaka, sai a zuba ruwa a ƙasa a sha, an kama manyan ɓarayin duniya. Mutanen da ke tono tsofaffin waƙoƙin da ko masu su sun manta da su, wai su ne za su durƙusar da harkar waƙa. Sannunku da aiki.

Tambayata ɗaya ce kuma har yanzu ba wanda ya amsa min: ina ake biya? Gidan rediyo ya san inda zai kai kuɗinsa, otal ya sani, su Facebook da TikTok suna zama da manyan kamfanonin waƙa irin su Universal da Sony da Warner su sa hannu a takarda, amma 'yan tsirarun mutane da ke son jin waƙa tare suna hira a kanta babu fom, babu farashi, babu wanda za su kira, sai dai a wayi gari a ga sanarwa an goge komai har da hirarrakin shekaru da ba ruwansu da waƙar kowa.

Kar wani ya zo min da "ai doka ce". Na san dokar. DMCA ce, dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998, in aka kai ƙorafi dole kamfanin da ke da dandalin ya yi saurin sauke abin in yana son tsira daga ƙara, shi ya sa saukewa ake fara yi, bincike kuma sai in ka dage. Na'urar da ke kama masu ɗora waƙar wani ma ai mun ga hankalinta, a 2018 wani a Ostareliya da ya ɗora awa 10 na shuuu irin na rediyon da ba tasha a YouTube, ƙorafi biyar ya samu. A kan shuuu fa! A 2009 kuma a Minnesota aka yanke wa wata mata tarar dala miliyan 1.92 kan yaɗa waƙoƙi 24 a intanet, daga baya ya koma 222,000. Wajen tara suna da lissafi tsaf, wajen sayar mana da izini ne biro ke ƙarewa.

Wallahi ina son mawaƙi ya ci guminsa, da zuciya ɗaya nake faɗa. Waƙa wahala ce, wani sai ya shekara kan baiti kaɗan. Ku yanka mana kuɗi na wata-wata mu yi karo-karo mu biya, wanda ya ƙi ku rufe shi, ni zan fara tafa muku. Amma ku nuna mana inda ake biyan tukuna.

Masu cewa mu koma Spotify kuma, rabin abin da muke nema ma yana can ne?

Af, wanda ya ajiye dogon jerin sunayen waƙoƙin nan da aka sha wahalar haɗawa ya turo min don Allah, a rubuce, ba saƙon murya na minti tara da kukan yara a baya ba.