Awa shida a mota, minti arba'in a gindin dala

Tun da asuba jirgin ruwanmu ya tsaya a tashar Iskandariya da ke ƙasar Masar, aka ɗura mu a bas sai Giza. Tafiyar ta haura kilomita 200, awa uku zuwa, awa uku dawowa. Ban damu ba, don dalar Fir'auna Khufu na zo gani, ginin da ya yi shekara kusan 4,500 a tsaye, wanda asalin tsayinsa mita 146 ne.

Muna sauka ɗan jagora ya duba agogo, ya ce minti arba'in kacal gare mu. Minti arba'in! Ina ɗora tafin hannuna a kan dutsen farko, yana da ɗumin rana, sai ga wani mai raƙumi ya naɗa min rawani ban nema ba, ya miƙo hannu wai in biya. Kafin in rabu da shi rabin lokacin ya tafi. Abul Haul kuwa, wato katon mutum-mutumin nan mai jikin zaki da kan mutum, a gurguje muka kalli fuskarsa, ana ta ƙwala mana kira mu hau mota.

Abin da ya fi ƙona min rai inda aka kai mu daga nan: shagon turare. Can babu mai duba agogo. Awa ɗaya da rabi muna zaune ana shafa mana turare a bayan hannu, ɗan jagora na kurɓar shayi a gefe yana jiran la'adarsa. Wallahi kuɗin ganin dala na biya, na daɗe ina tara su. Ko cikinta ban samu na shiga ba.